Maƙwabcina Souley da hubbaren Janar Grant

A benen da nake haya a Tremont, cikin Bronx a birnin New York, ƙofata da ta Malam Souley suna kallon juna, kuma mun daɗe a haka. Ni Lea ce, 'yar Jos, aikin jinya nake yi. Shi mutumin Damagaram ne, yana da tebur a bakin titi a Harlem. In sanyi ya shigo ya baza hula da safar hannu, in ya fita ya baza tabarau da lema. Tun da nake ban taɓa ganin mai tambaya irinsa ba. Ka ce masa ka sayo kifi, sai ya tambaye ka kogin da aka kamo shi, da garin masuncin, da ko uban masuncin ma su yake yi. Matarsa Aïchatou takan ce ranar da mala'iku suka zo yi masa tambaya a kabari, su ne za su fara gajiya.

Aïchatou ta rasu, tana kwance a wata maƙabartar Musulmi a New Jersey. Tun daga lokacin wan Souley, Alhaji Ɗanlami, bai bar shi ya huta ba. Kullum waya daga Damagaram: ya tattara ya dawo, an gyara masa ɗaki, tsufa a gida ake yinsa, kuma ƙasar da ta rufe ubansu ita ya kamata ta rufe shi. Souley bai ce e ba, bai ce a'a ba. In ya koma ya bar matarsa a ƙasar mutane, in ya zauna ya saɓa wa wansa, wanda shi ne a madadin uba. Maimakon ya yanke magana, sai ya riƙa rufe teburinsa da wuri yana tafiya kabarin wani shugaban Amurka da ya mutu tun kafin a haifi kakansa. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai, har sai da na bi sawun yadda aka faro.

Souley ɗan majemi ne. Ubansa jima yake yi, kakansa ma haka, a majemar da ke bayan gari inda ake jiƙa fatu da toka da bagaruwa. Ya ce mini warin wurin ba ya fita da sabulu. Yana yaro in ya zauna a makaranta sai ya ga na kusa da shi suna matsawa a hankali, ba wanda ya ce masa komai. Da ya tasa ya tsere wa sana'ar, ya yi tallan agogo a Maraɗi, ya yi dako a Kwatano. Da ya je neman auren Aïchatou sai da ubanta ya ja shi a ƙasa har damina ta zagayo, don ya ji ɗan gidan da ya fito. Ya shigo New York a ƙarshen shekarun 1990, kuma a nan ko da wasa bai faɗa wa kowa sana'ar gidansu ba.

Bai cika wata guda da zuwa ba abin ya faru. Azahar ta yi masa a Harlem, bai san masallaci ko ɗaya ba, sai ya miƙe yamma wajen kogi yana neman inda zai raɓa. Can ta saman itatuwa ya hango wata farar ƙubba, ƙatuwa, ba gicciye a kanta. Ya ce Alhamdulillahi, ashe Musulmin garin nan ba ƙananan mutane ba ne. Ya tsuguna a gefen matakala ya yi alwala da ruwan gorarsa, ya cire takalmi ya jera su a bakin ƙofa, ya shiga da ƙafar dama yana sallama da ƙarfi.

Ba wanda ya amsa. Ba tabarma, ba liman, ba ko buta. Sai dutse mai sanyi a ƙasa, da wani rami zagayayye a tsakiya kamar bakin rijiya. Ya leƙa, ya ga manyan akwatuna biyu na jan dutse a kwance gefe da gefe. Nan take ya gyara tunaninsa: ba masallaci ba ne, hubbaren waliyyi ne. Ya ɗaga hannu zai fara addu'a ke nan sai mai gadin wurin, wata baƙar fata mai faffaɗar hula, ta matso tana nuna ƙafarsa tana murmushi, alamar ya je ya sa takalminsa kada sanyi ya kama shi.

Turancinsa a lokacin bai wuce na ciniki ba, amma ya isa ya tambayi wane ne a nan. Ta ce Grant ne, janar, shugaban ƙasa na goma sha takwas. Wani da ya ji haka sai ya yi godiya ya kama gabansa. Souley kuwa Bahaushe ne, ba ya sanin mutum sai ya san asalinsa. Ya ce, ubansa fa, me yake yi? Matar ta faɗi wata kalma da bai sani ba. Da ta ga bai gane ba sai ta kama ɗamarar fatar da ke ƙugunta ta ja, sannan ta toshe hanci da yatsu biyu.

"Madam," in ji shi ranar da yake ba ni labarin, "wallahi sai da na zamna ƙasa. Ɗan majemi! Wanga gini duka, ɗan majemi aka yi ma shi. Na ce a'a, sai na san mi ya hwaru."

Daga ranar ya sa Grant a gaba. Ba karatun boko mai zurfi gare shi ba, don haka da baki ya tattara tarihin, ɗan kaɗan daga nan ɗan kaɗan daga can. Ya tambayi masu gadin hubbaren, ya tambayi malaman jami'a da ke tsayawa sayen lema, ya tambayi direbobin bas. Da 'yarsu Safiatou ta isa shiga makaranta sai ta zama abin tausayi, don duk littafin tarihin da aka ba ta sai ta fassara masa shafin Grant kafin ta ci abinci. Ita kaɗai Allah ya ba su, kuma da yake 'yar fari ce ba ya kiran sunanta, sai dai "yarinyar nan".

Ni kuwa a kan matakalar bene na sha nawa karatun, ina dawowa daga aiki ƙafafuna na zogi, shi yana zaune da butar shayinsa. A bakin Souley na ji cewa an haifi Grant a Ohio a 1822, kuma ya tsani warin majemar ubansa har ya gwammace ya yini da dawaki. A nan Souley yakan buga ƙirji ya ce, "Kamar ni." Na ji cewa ya shiga soja, ya fita, ya gwada noma bai yi albarka ba, har ta kai shi ga sayar da itacen wuta a bakin titi a St. Louis. A nan ma sai ya nuna kansa, ya ce ashe ɗan tebur ne ɗan'uwansu. Na ce masa, "Malam Souley, saura ka ce mini Bahaushe ne." Ya ce bai gama bincike ba tukuna.

Akwai wurin da ba ya wasa in ya zo kansa. A shekarun talaucin nan Grant yana da bawa guda ɗaya, wanda da ya sayar da shi da ya ɗan farfaɗo, amma sai ya 'yanta shi. Souley ya yi ta juya wannan magana. Wani lokaci ya ce mutumin kirki ne, wani lokaci ya ce to me ya sa ya karɓe shi tun farko, kuma me ya sa ya zauna a gonar surukinsa inda bayi ke noma? Bai taɓa samun amsar da ta kwantar masa da rai ba, kuma bai ɓoye hakan ba.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Arewa da Kudu, mutumin da ya koma tsare shagon fatun ubansa ya sake sa kaki, ya yi ta hawa har ya zama babban kwamandan Arewa, ya ci yaƙin. Aka zaɓe shi shugaban ƙasa, ya hau a 1869, ya yi wa'adi biyu. A zamaninsa aka sa a tsarin mulki cewa ba za a hana namiji jefa ƙuri'a don launin fatarsa ba, kuma ya tura soja kan 'yan ta'addan da ke rufe fuska suna kashe baƙaƙe a Kudu. Souley yakan jinjina kai a nan. Amma da aka zo kan na kusa da shi, waɗanda suka yi ta wawure dukiyar gwamnati a ƙarƙashin hancinsa, sai ya yi tsaki.

"Kin ga matsalar mutum mai yarda," in ji shi. "Ya iya yaƙi da wanda ke gabanshi, bai iya da wanda ke cin tuwo tare da shi ba. Bon, mu ma muna da irinsu."

Ƙarshen ma ya san shi dalla-dalla: yadda wani ɗan damfara ya talauta tsohon a nan New York, yadda ciwon daji ya kama maƙogwaronsa, yadda ya daure yana rubuta tarihin rayuwarsa don iyalinsa su samu abin riƙewa, ya gama, ya cika bayan 'yan kwanaki a 1885.

Abu ɗaya ne a duk tarihin Souley bai ɗauka da daraja ba, wato akwati na biyu. Tun da aka ce masa matar Grant ce, Julia, a kwance kusa da mijinta, ya samu abin dariya. A wurinmu ina aka taɓa haka? Maƙabarta ba ɗakin aure ba ce. Wanda ya riga ya riga, mai haƙa ya haƙa inda layi ya kai, bayan damina kaɗan ma ba kowa ke iya nuna wurin ba. Wata rana ina gidansu, Aïchatou na tuƙa tuwo, ya shiga tsokana.

"Janar guda, ya kori rundunoni, ashe mijin-tace ne. Ko lahira ba a bar shi ya tahi shi kaɗai ba."

Aïchatou ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, ita dai ta yi dace." Ta ci gaba da tuƙinta. Shi ya yi dariya, ni ban yi ba, don na ga fuskarta.

Ciwon da ya ɗauke ta ya daɗe yana cin ta. Ni nake leƙawa in duba magungunanta in na taso aiki. 'Yan Nijar na unguwarmu suna da ƙungiya mai ƙarfi, kuma al'adarsu in nasu ya rasu su haɗa hannu a kai shi gida. Aïchatou ta ce ita ba ta so. Ta ce a bar ta a nan inda 'yarta za ta iya zuwa ta yi mata addu'a, don ta san yarinyar da aka haifa a Bronx ba Damagaram za ta zauna ba. Souley ya cika mata wannan.

Ranar jana'iza Safiatou ta kafe sai ta je, aka bar ta ta tsaya daga wajen ofishin maƙabartar, kuma ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Bayan an rufe, mai kula da maƙabartar ya matso kusa da Souley ya ce masa, cikin ladabi, wurin da ke gefen matarsa babu kowa, in yana so a kama masa. A nan haka ake yi, ba abin mamaki ba ne. Amma a gaban dattawan ƙungiya ya faɗa, kuma wani ya fassara da ƙarfi.

Souley ya ja da baya. "Subhanallahi! Wa ya taɓa kama ma kanshi kabari da ranshi? Na san inda zan mutu ne?" Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce ƙasa duk ta Allah ce. Safiatou ta ce masa da Turanci ya yi tunani. Ya ce mata ta shiga mota.

Ni ban ga laifinsa ba a lokacin, kuma har yanzu ban gani ba. Namiji Bahaushe mai furfura, ya tsaya gaban sa'o'insa ya ce a ajiye masa wuri kusa da matarsa? Kunya ma ba za ta bar harshensa ya juya ba.

Daga nan ne wayoyin Alhaji Ɗanlami suka fara, daga nan ne kuma zuwa hubbaren ya yawaita. Shayin matakala ya daina. In na tambaye shi labarin mutuminsa sai ya ce yana nan inda yake. Ya rame, ya rage tambaya, kuma a wurin Souley wannan ya fi rama ba ni tsoro. Haka aka ci sanyi biyu.

Wata Laraba da ba ni da aiki ya ƙwanƙwasa ƙofata da hantsi, ya ce in ba damuwa in raka shi, yana so ya yi wata tambaya kuma ba ya so Turanci ya ci amanarsa. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka, muka taka zuwa bakin kogi. Ban taɓa shiga wurin ba sai ranar. Ya fi yadda nake zato girma, kuma shiru ne ƙwarai a ciki. Muka jingina da bakin ramin muna kallon akwatunan nan biyu, girmansu ɗaya, ba wanda ya ɗara wani.

Mai gadin ranar wani dattijon Bature ne, ya san Souley har da suna. Souley ya ce in tambaye shi: mutumin Ohio, me ya kawo gawarsa New York? Ba shi da gida ne? Ba shi da dangi da suka ce a kawo musu nasu? Na yi mamaki. Mutumin da ya san sunan garin da aka sayar da itace bai san wannan ba. Ashe shekara da shekaru ita ce tambaya ɗaya da bai taɓa yi ba, don ya riga ya mai da ita abin dariya.

Dattijon ya ce garuruwa da yawa sun so a ba su. Ya ce Grant ya yi tunanin makarantar sojan da ta horar da shi, inda ake binne manyan sojoji, amma ya san ba za a yarda a sa matarsa a can ba. Abin da ya nace a kai shi ne, duk inda za a sa shi a bar mata wuri a gefensa. Ita kuma ta zaɓi New York don a nan take zaune, tana so ta riƙa zuwa. Ta rayu shekara goma sha bakwai bayansa, sannan aka kawo ta.

Na fassara. Souley ya ce, "Shi da bakinshi ya hwaɗi?" Na ce haka mutumin ya ce. Ya ce, "Gaban maza?" Na ce da alama. Sai ya ce in tambaya ko an yi masa dariya.

Dattijon bai gane tambayar ba sai da na maimaita. Ya ce shi dai bai taɓa jin haka ba. Abin da ya sani, ranar jana'izar mutane fiye da miliyan ɗaya suka cika titunan garin nan, kuma cikin masu rakiyar gawar har da janar-janar na Kudu da ya yaƙa.

Souley ya daɗe yana kallon ƙasa. Tausayinsa ya kama ni har na juya ina karanta rubutun bango da ban damu da shi ba. Da muka fito ya tsaya a kan matakala ya ce, "Madam, ran Lahadi in kin taso coci, ki ce ma yarinyar nan ta zo da mota."

Ran Lahadi muka haye zuwa New Jersey mu uku. Safiatou na tuƙi, na ga ta sa mayafin uwarta. Souley ya sa farar shadda da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ni ce baƙuwa a wurin, na tsaya daga baya na bar su suka yi gaba.

Tun kafin su isa na ga tafiyarsa ta canza. Kabarin Aïchatou yana nan da ɗan allonsa. Dama da shi akwai wani, hagu ma akwai wani, ciyawa har ta rufe su. Layin ya cika ya wuce, an fara wani a bayansa, shi ma ya yi nisa. A gefen da aka taɓa yi masa tayi wata mata ce 'yar Bangladesh, an dasa mata furanni.

Safiatou ta fashe da kuka. "Daddy, I told you. Na gaya maka, na gaya maka a ranar."

Ya tsuguna ya yi wa matarsa addu'a, ya juya ya yi wa maƙwabciyarta, sannan ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya ce a kira mai kula da wurin. Mutumin ya zo, ya gane shi, ya ba da haƙuri duk da ba laifinsa ba ne. Ya ce ba a riƙe wuri sai wanda ya ce a riƙe. Souley ya ce ya sani. Ya tambaya ina aka kai yanzu. Mutumin ya ja mu can ƙarshen fili kusa da shinge, inda ƙasa take a shafe ba a taɓa ta ba.

Souley ya tsaya a wurin, ya juya ya hangi inda muka baro. Da nisa, amma ana ganin allon in an san inda za a duba. Ya kare ido da hannu ya daɗe yana dubawa. Ni na ɗauka shi ke nan, Alhaji Ɗanlami ya samu ƙanensa, don abin da ya zo nema babu shi.

Sai ya ce wa 'yarsa, a hankali, "Bar kuka. Can gida ma ɗakinta daban, nawa daban. Tsakar gida guda ce." Ya dubi mai kula da wurin ya nuna ƙasa da yatsa, ya ce nan.

Bayan sun gama magana ya miƙa wa Safiatou wayarsa ya ce ta nemo masa Alhaji. Ta danna ta ba shi. Ya taka ya bar mu, ya bi shinge har muryarsa ta kusa ɓacewa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ɗan rusuna kamar wan nasa yana tsaye a gabansa. Gaisuwa ta daɗe, an tambayi gida, an tambayi yara, an tambayi damina. Sannan iska ta kawo mana abin da ya ce.

"Yaya, ɗakin nan da ka gyara, a ba wani. Ka gahwarta mini."